Fankokin Injiniya

"Kashe wannan, jona waccan," in ji Injiniya.

Mai shagon kayan kwamfuta ya haɗiye tsaki, ya jona wata fankar sanyaya kwamfuta. Tun hantsi yake wannan aikin. Matar ta mamaye kujerarsa, ƙanwarta na tsaye a kafaɗarta. Duk fankar da ya kunna sai ta karkata kai, ta ce a ajiye ko a mayar.

"Hajiya, mai haɗa kwamfutocin da za su yi aiki tare ai iri ɗaya yake saye. Ga sababbi nan, ba sa ƙara ko kaɗan, har da fitilu masu launi."

"Gidan rawa ka ji na ce zan buɗe? Masu ƙara nake so, kuma kada biyu su zo da murya ɗaya."

Shekara da shekaru Injiniya ce ke riƙe da ɗakin kwamfutoci na cibiyar hasashen ruwan sama. Lissafin ya fi ƙarfin na'ura ɗaya, shi ya sa ake yanka shi gunduwa-gunduwa a raba wa na'urori da yawa, kowace ta yi nata ta miƙo. In ɗaya ta mutu ba a lura ba, hasashen ranar ya tashi a banza. Tana doguwar jinya aka kawo sabon darakta. Ta dawo ta tarar ya gama shirin ba wani kamfani aikin haɗa sababbin na'urori, ita kuma a mayar da ita ofishin ajiyar takardu, wai don ta huta. Wannan kalmar ta hutu ita ta fi ƙona mata rai. Ta ce a ba ta wata guda, in abin da ta haɗa bai yi ba, da ƙafarta za ta bar ɗakin. Darakta ya amince.

A sauran kayan ba ta ja da mai shago ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta ɗauki iri ɗaya, masu jure dogon aiki ba tare da ɗaukar zafi ba. Allon da komai ke hawa kansa kuwa sai da ta bi kowane da yatsa, ta tabbatar yana da ɗan lasifikar nan mai kuka in abu ya lalace. Da ya yi mata tallar manyan allunan kallo, ta ce ɗaya ya ishi masu son kallo.

A mota ƙanwar ta kasa haƙuri.

"Yaya, don girman Allah ki faɗa wa mutanen ofis. Ba abin kunya ba ne."

"Zan faɗa, amma sai na gama. In na faɗa yanzu, sannu za su yi ta jera min har su raka ni bakin ƙofa. Ja mota."

Suka rufe kansu a ɗakin kwamfutocin. Ƙanwar na karanto lambobin jikin kwalaye, Injiniya na ɗaure kusoshi, tana ba kowace na'ura fankarta da wurin zamanta. Mai gurnani ta zauna bakin ƙofa, mai siririn fito ta tafi can baya jikin taga. Hannuwanta duk suka yi kaca-kaca da yankan ƙarfe, ko a jikinta. A ofis kuwa gulma ta kankama, wai Injiniya ta dawo da girman kai, ba ta gai da mutum sai shi ya fara. Ta ji, ta yi kunnen uwar shegu da su. Tsoro dai tana jin sa, har yana hana ta cin abinci, sai dai haushin ya fi tsoron yawa.

Ranar gwaji, ƙamshin turaren darakta ya riga shi shigowa, takalman ma'aikata na biye.

"Wannan ɗakin kwamfuta ne ko gidan niƙa?" ya ce.

Aka yi dariya. Injiniya na zaune a teburinta, ta ba na'urorin baya, ta danna maɓalli. Ɗakin ya ɗauki ruri, kowace na'ura da irin kukanta. Kafin masu dariya su gama gyara tsayuwa, hasashen ya fito, lissafin da tsofaffin na'urori kan yini suna fama da shi.

Darakta ya matsa wajen na'urorin. Takalminsa mai ƙwas-ƙwas ya daina ƙara, alamar mutum ya koma sanɗa. Injiniya ta kasa kunne. Can cikin rurin, siririn fiton nan ya sauka a hankali ya ɗauke.

"Darakta," ta ce ba tare da ta juya ba, "mayar da wayar na'urar jikin taga da ka zare. 'Yan uwanta sun ɗauke mata aikin, amma ba na son wasa da kayana."

Sai bayan ta rufe baki kwamfutar teburin ta yi ƙarar gargaɗi. Wani daga baya ya yi salati.

Darakta ya mayar da wayar, ya tako har gabanta. Mutum ne mai son girma, amma ba ya ƙin gaskiya.

"Ɗaki naki ne, Injiniya. Kamfani ya haƙura, kowa shaida ne."

Wurin ya yi tsit irin na masu jiran wani abu. Jiran ya yi tsawo. Wata ta yi raɗa, "Ji girman kan ko!" Ƙanwar ta yi gyaran murya.

Injiniya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta buɗe tafin hannunta.

"In makullin ɗakin kake miƙo min, ranka ya daɗe, kaɗa shi in ji inda yake. Tun a gadon asibiti idanuna suka rufe."