Daƙiƙa Uku

"Malam, injin nan naka farar kura ne, abu kaɗan ya tsaya," in ji manajan masana'anta. "Ka gyara, ko mu nemo wani."

Mai gyaran ya san ba tsoro ba ne. Da nauyi ya yi yawa, akwatin sarrafa injin ke yanke wuta. Amma da roƙo aka ɗauki babban ɗansa aiki nan, ina bakin musu? Ya danna maɓallai, ya sa injin jiran daƙiƙa uku kafin ya tsaya.

Wata biyu aiki na tafiya sumul.

Ran da bel ɗin injin ya ja hannun ɗan, nan take injin ya ji nauyin. Sai ya jira, kamar yadda uban ya koya masa.