Ɗigon Ƙarshe a Ajin Mushe Bunu

Mushe Bunu, malamin kimiyya, ya cika biret da ruwan soda har kan sifili, ya ɗora kwalbar asid a kan farar takarda, ya ɗiga mata fenoltalin, sinadarin da ke juya launi, sau biyu. Biret dogon gilashi ne mai awo a jiki da ɗan famfo a ƙasa. Aikin, dozaj in ji littafi, ba shi da wuya: soda na sauka ɗigo-ɗigo kana jujjuya kwalba, da ruwan ya koma ruwan hoda ka rufe famfo ka karanta awo. Ɗigo ɗaya ya wuce, lissafin ƙarfin asid ya lalace.

A bencin baya insfekta Zulaihat na zaune da biro. Ita ta zo da asid ɗin a jakarta, ba wanda ya san ƙarfinsa sai ita. Rahotonta ne zai yanke ko Bunu ya ci gaba da koyarwa a wannan lise, makarantar sakandare ta Diffa, ko a tura shi ofis jera takardu.

Shi kuwa ajin nan ne kaɗai inda ake kiran sunansa. Tun da bom ya tashi a kasuwa ya kwantar da shi wata biyu a asibiti, matarsa ta kwashe yara zuwa Damagaram, tsoro ya hana su dawowa. Shi ke dafa shinkafarsa, shi ke cinye ta. Kewa ta ishe shi. Ɗalibai ma sun gaji da yi masa dariyar koriyar hula kan jar riga.

Yana da tsarinsa. Bai taɓa cewa launi ya juya ba. Ɗalibai ke ihu, shi ya rufe famfo. "Ido naku, hannu nawa," haka yake ce musu, kuma wasan na yi musu daɗi.

Yau kam baƙuwa ta ɗaure musu baki. Yawancinsu ƴaƴan manoman tattasai ne da rikici ya koro daga Geskeru, kuma gudun hijira ya koya musu cewa a gaban mai rubutu shiru ya fi.

Awo ya wuce goma. Bunu ya rage famfo.

"Me kuka gani?"

Ko tari. Sha biyu. Sha uku. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya ci gaba da jujjuya kwalba. Wani ɗigon ya faɗa, wani ya rataye a bakin biret yana kumbura.

"Tsaya, Mushe! Ya juya!"

Insfekta ce a tsaye, bironta a ƙasa. Ya rufe famfo. Sha huɗu da rabi, daidai da abin da ke takardarta.

A bakin ƙofa ta ce, "Shekara ashirin ina zaga makarantu, ban ga mai jan ran mutum irinka ba. Har ni ka mayar ɗaliba! Wallahi ba inda za ka."

Ya yi godiya. Da kowa ya watse, ya ɗauki kwalbar ya kai ta taga, ya daɗe yana kallo.

Toka-toka ya gani, kamar duk abin da ya kalla tun ranar da ya farfaɗo a asibiti.