Keken da Ya Gudu a Gangare

Keken jaririn ya suɓuce wa maijegon, ya miƙi gangaren titi a guje.

Anti, ma'aikaciyar cibiyar taimakon baƙi, ta yar da jaka ta rufa masa baya, takalmi ɗaya a ƙafa. Ita ta ba matar keken nan satin da suka sauka ƙasar. In yaron ya ji ciwo, ina za ta sa kanta?

Ta cafke shi dab da wata mota, ta yaye lulluɓin. Buhun albasa!

Maijegon ta ƙaraso tana haki, ta ɗaga rigar sanyinta. Ga yaro goye a baya, yana sharar barci.

"Haba Anti! Ɗan nawa zan ɗora a abin da ke guduwa?"