Layin Gaisuwa a Gidan Tsohon Firaminista

Maznah ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta shiga layi bayan wata mai sayar da kifi. Ai kun san mu, ran Sallah ƙofar kowa a buɗe take, har ta tsohon Firaminista. Kowa ya shiga ya ci rendang, naman nan da ake dafawa da madarar kwakwa, ya sumbaci hannun maigida.

Ita kuwa 'yarsa ce. Tun da ta koma jam'iyyar adawa ta kayar da ɗan takararsa, bai sake yi mata magana ba. Yau gafararsa kawai ta zo nema.

Da layi ya zo kanta, ta durƙusa ta kama hannunsa. Ya rame, ba ya gani kuma. Bai gane ta ba.

"Baiwar Allah, daga ina?"

"Tanjung Serai," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya jawo ta kusa. "Mazaɓar 'yata! Ki sake zaɓenta. Shegen taurin kai gare ta, amma ba ta cin amana. Kada ki bari ta ji na faɗa."

"To, ranka ya daɗe."

Na bayanta ya yi gyaran murya. "Hajiya, a matsa mana."

Ta matsa.