Sikelin Marlene

Karo na uku ke nan Marlene Dubicki take karanta wasiƙar kamfanin inshora. Wai ba za su biya mata allurar rage ƙiba ba, tunda sikelinsu ya nuna ta zubar da laba arba'in da kanta.

"Laba arba'in! A jikin wa?" ta ce wa mijinta Wendell. "Wandon nan ko maɓalli ba ya kamawa."

Wendell ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da shafa wa burodi bota.

Abin ba wasa ba ne. Likita ya ce sai ta rage nauyi zai yi mata aikin gwiwa, ga shi ko matakala uku ba ta iya hawa. Kamfanin ya gindaya sharaɗi: wata shida tana cin ganye, kullum da safe ta hau sikelin da suka aiko, shi kuma ya tura musu lamba kai tsaye. In abinci ya gaza rage mata nauyi, sai su biya allura.

Ranar farko da ta ga lambar, kuka ta sha har da majina. Tun daga nan in za ta hau sai ta rufe ido, Wendell ya tallafe ta ta baya saboda gwiwar, ya leƙa ya ce, "Ana samun ci gaba, 'yar tsohuwata."

Ta zargi kamfanin, don dama ba ta yarda da su ba. Ta zargi wata ma'aikaciyar asibiti mai yawan murmushi. Har gindin sikelin ta kwance da wuƙa, ko sun dasa wani abu.

Saura kwana biyu a rufe damar ɗaukaka ƙara kan hukuncin kamfanin, ta ƙudura sai ta kama su da hujja. Wendell na can yana share ƙanƙara a ƙofar gida, ta lallaɓa ta hau sikelin ita kaɗai, ido buɗe. Ɗari biyu da sittin da takwas. Ta ɗauki hoto.

"Wendell! Zo ka riƙe ni, mu ga ƙaryar ɓarayin nan!"

Ya shigo jiki a sanyaye, ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatarta. Lambar ta yi ƙasa, ta tsaya a ɗari biyu da ashirin da takwas.

A lokacin ne ta ji damatsansa na karkarwa, numfashinsa na fita da ƙyar. Ashe wata shida ke nan bawan Allah yana ɗaga ta, kowane mako ya ƙara kaɗan, don kada ya sake ganin ta tana kuka.