Wa Zai Tare Wa Roser Iska

Rubuta yadda na faɗa, Laia jikata, kada ki gyara min magana.

Ranar Lahadi ce, a hanyar kekunan nan ta tsohon layin dogo, a gindin duwatsun Olot, inda mota ba ta shiga. Na hango Roser, bazawarar da nake so, tana tuƙa kekenta, ta manne a bayan keken Narcís mai gidan burodi. A wajenmu mahaya keke, wanda ka laɓe a bayansa shi ke tare maka iska, kuma ba bayan kowa ake laɓewa ba. Kishi ya turnuƙe ni.

Da ta tsaya shan ruwa a famfon tsohuwar tasha, na sha gabanta.

Na ce, "Roser, yau bayan mai burodi ya yi daɗi ko? Ƙamshin ne ya ja ki?"

Ta rufe gorarta a hankali. "Quim, shekara biyun nan kana ina?"

"A bayanki mana! Ina gadinki."

"Gadi? Ni da ciwon gwiwa nake tare maka iska, ƙato da kai! Narcís rana ɗaya ya lura."

Can gaba Narcís sai kaɗa mata ƙararrawa yake.

Na ce, "To ki aure ni, kullum ni ne a gaba."

Ta dubi Narcís, ta dube ni, ta ɗora ƙafa kan feda.

"Shiga gaban tukuna, tsoho. In ka kai gadar can da sauran numfashi, ma yi maganar."

Na shiga. Iska kamar bango, amma ina jin ƙarar sarƙar kekenta dab da ni.