Amsar Shekara Takwas

Karo na biyar ke nan manhajar da za a nuna aikin da ita a kwamfuta tana buɗewa ta mutu nan take, ga shi ƙarfe sha ɗaya ƙanwarsa za ta kare kundin digirinta.

“Me kika taɓa?” ya daka mata tsawa.

“Yaya, wallahi ban taɓa komai ba.”

“Kullum haka kuke cewa.”

Shi ya ɗora mata wannan tsari, wanda kwamfuta ke harhaɗa kowace manhaja da kanta tun daga tushe, yana cika baki cewa na ƙwararru ne. Jiya ma shi ya sabunta mata laburaren hotuna, wanda sauran manhajoji ke jingina da shi, ya rufe allon bai karanta dogon saƙon ƙarshe ba.

Ya kwafi saƙon kuskuren ya shiga bincike. A wani tsohon dandalin intanet ya tarar da wani bawan Allah ya yi irin tambayar shekara takwas da suka wuce. Ƙanwar ta leƙo ta kafaɗarsa, ta karanta amsar a fili:

“Ka sabunta laburare ba ka sake harhaɗa manhajojin da ke kansa ba. An rubuta maka a allo. In karatu ya gagare ka, sayar da kwamfutar ka sayi rediyo.”

“Wannan wane irin marar mutunci ne?” ta ce.

Harhaɗawar za ta ci awa shida. Ya kai hannu zai sauke shafin ƙasa, amma ta riga ta ga ɗan hoton da ke gefen amsar. Hotonsa ne, hular da ke ciki ma tana kansa yanzu.